Malamin da ya iya latsa waya, ya iya tantance abin da ke cikinta kuwa?

Malamin_Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakaninmu malamai da iyaye. Duk lokacin da aka ce za a ba malamai horo kan fasahar zamani, abin da ake nufi shi ne kunna kwamfuta, buɗe imel, buga takarda da shigar da makin jarrabawa. Ban raina wannan ba. Amma akwai abin da ban taɓa jin an koyar a wata bita ba: yadda malami zai gane saƙon da ya shigo wayarsa gaskiya ne ko ƙirƙira, kafin ya tura shi gaba ko ya faɗe shi a gaban aji.

Ku leƙa zaurukan WhatsApp na malamai ku gani. Takardar ƙarin albashi ta bogi, linkin tallafin gwamnati mai neman lambar BVN, hoton rikicin wata ƙasa a ce jiya aka yi shi a ƙauyen kusa da mu, maganin da ke warkar da suga da hawan jini da basir a lokaci guda. Masu turowar nan masu NCE ne da digiri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan wani can ya tura ƙarya sai a ce ai wane ne, a wuce. Idan malami ya tura, iyaye cewa za su yi "malam ne ya turo", yaro kuma ya ɗauke shi a matsayin karatu. To laifin wa ne, kuma ta ina za a fara gyara? Kwalejojin ilimi, hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB), ko mu kanmu?

Malama_Aji_Uku:
Wa alaikumus salam. Wallahi Malam ka sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Zauren malaman makarantarmu in ka buɗe shi da safe sai ka wuce saƙo talatin kafin ka tarar da sanarwar hedimasta.

Abu_Hanif:
Ni kam ban yarda a sake ɗora wa malami wani laifin ba. Komai ya lalace a ƙasar nan sai a ce malamai. Mutumin da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ma bai gama isowa gare shi ba a wasu ƙananan hukumomi, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kun san irin datar da yawancinmu muke saye? Ta WhatsApp da Facebook kaɗai, mai arha. Saƙo zai shigo maka, amma in ka danna linki ba zai buɗe ba, balle ka shiga Google ka bincika. Wato an buɗe maka ƙofar karɓa, an rufe ta bincike. A fara gyara aljihun malami tukuna, sannan a zo ana maganar tantancewa.

HedimastaMaiRitaya:
Ɗana Abu_Hanif, maganarka ta data gaskiya ce, ban taɓa lura da wannan ɓangaren ba sai da ka faɗa. Amma bari tsoho ya sa baki.

Ji-ta-ji-ta ba waya ce ta haife ta ba. Tun muna samari akwai wata takarda da ake bugawa ana rabawa a ƙofar masallaci, wai wasiyyar wani Shehu Ahmad mai gadin kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wai wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga masifa. Malamai sun daɗe da bayyana cewa ƙarya ce, amma ga ta nan har yau ta koma cikin waya. Kuma duk wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 ya tuna daren da aka riƙa tashin mutane da kira ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Har rayuka aka rasa. Na san malamai da suka tashi iyalansu cikin dare suka dafa ruwan.

Bambancin shi ne wannan. A zamaninmu labari yana zuwa wa malami ta rediyo ko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, akwai edita a can da ya riga ya tankaɗe shi kafin ya iso mu. Yanzu an cire rariyar, gari da tsaki duk suna zubowa a tafin hannun malami, kuma ba wanda ya gaya masa cewa aikin editan ya dawo kansa. Saboda haka ina tare da Malamin_Tarihi cewa abu ne da ya kamata a koyar, ba a bar kowa da dabararsa ba.

Mai_Koyar_Da_Kwamfuta:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni kuma ta wani gefen zan zo, domin ina jin kun yi saurin tsallake matakin farko. Ni nake koyar da kwamfuta a wata sakandaren je-ka-ka-dawo. Da alli nake zana maus a allo, in zana kibod, in rubuta sunayen maɓallai yara su kwafa. Akwai kwamfutoci a makarantar, suna cikin sito a kulle da ledarsu, saboda babu wuta, babu kuɗin man janareta, kuma shugaban makaranta yana tsoron in ɗaya ta ɓace a ce shi zai biya. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Yaron da ya fito daga hannuna, ranar jarrabawar ce ranar farko da zai riƙe maus, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Malaman ma haka. Jarrabawar rajistar malamai ta TRCN da kwamfuta ake yi, na ga malamin da ya san amsar sarai amma ya rasa yadda zai matsa zuwa tambaya ta gaba. Wanda bai iya wannan ba, ta yaya za ka ce masa ya binciki asalin hoto?

Malamin_Tarihi:
@Mai_Koyar_Da_Kwamfuta ba na jayayya da kai, ana bukatar wannan. Sai dai ka lura, malamin nan da ya kasa riƙe maus, a aljihunsa akwai babbar waya, kuma ya iya tura saƙo zuwa zaure biyar cikin minti ɗaya. Ɓarnar ba ta jiran sai an kawo wuta makaranta.

Sani_K:
Ai WAEC ma yanzu duk da kwamfuta ake yi.

Mai_Koyar_Da_Kwamfuta:
@Sani_K a'a, a gyara. A farkon 2024 WAEC ta fara gwada kwamfuta da masu zana jarrabawa daga waje, ba 'yan makaranta ba. Daga baya a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa tana son WAEC da NECO su koma kwamfuta a 2026, kuma mutane da yawa sun yi ta ƙorafi cewa makarantun karkara ba su shirya ba. Sanar da niyya daban, a ce an gama komawa daban.

Ummu_Safiyya:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma ku ba ni dama. A zangon da ya wuce wata malama ta turo saƙon murya a zauren iyayen makarantar 'ya'yana. Wata mata ce ke magana tana haki, wai an ga masu satar yara a mota mai baƙin gilashi suna zagaya makarantu, kowa ya je ya ɗauko ɗansa. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi gari ba, ba ta faɗi rana ba. Ina tsakiyar girki na kashe risho na zari mayafi. Da na isa ƙofar makarantar na tarar da mata cike, wata ko takalmi babu, maigadi ya rasa yadda zai yi da mu, yara suna kuka don sun ga iyayensu a firgice. Daga baya wata maƙwabciyata ta ce ai ita tun bara ta ji wannan muryar a wani zaure.

Da wata ce ta turo ba zan tashi ba. Don malamar ɗana ce ta turo, na ɗauka daga makaranta sanarwar ta fito. Wannan nake so malamai su gane. Kuma irin haka ta taɓa faruwa a jihohin kudu maso gabas a watan Oktoban 2017, aka yaɗa cewa sojoji na yi wa ɗalibai allurar da ke sa cutar ƙyandar biri, iyaye suka yi ta rububin kwashe 'ya'yansu, makarantu suka watse.

Malama_Aji_Uku:
Sannu Ummu_Safiyya, Allah ya kiyaye gaba. Mu bayan irin wannan ne aka rufe zauren iyaye, hedimasta da mataimakinsa kaɗai ke iya turawa. An samu sauƙi, sai dai iyaye suna ƙorafin an toshe musu baki.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Abin da Ummu_Safiyya ta faɗa game da saƙon murya, nan wajenmu shi ne babban abin. Karatun lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci ake yi, mutane da yawa a ƙauye ba su karanta shi, saboda haka komai da murya yake yawo cikin Hausa ko Zabarmanci. Rubutu ko hoto kana iya neman asalinsa, murya fa? Ba suna, ba kwanan wata, kuma in mai maganar ya fara da sallama da salati sai a ji kamar mutumin kirki ne. A ƙauye mushe, wato malamin makaranta, shi ne wanda ake kawo ma salula a ce duba muna wannan gaskiya ne? In ya ce i, magana ta zauna. Mafi yawan malamanmu na firamare 'yan kwantaragi ne, wasu horon da suka samu kafin shiga aji kaɗan ne, balle a zo ga wannan fanni. Ni abin da nake yi, duk muryar da ba ta faɗi wane ne mai magana da wurin da abin ya faru ba, ina ce ma mai salular ya ajiye ta har mu ji a rediyo.

Ustaz_Na_Islamiyya:
Allah ya saka da alheri. Ina so in tuna mana cewa wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da yin bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Kuma ya zo a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tambayar nan: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, amintacce ne, sun ma haɗu kuwa? Abin takaici, malamin da ya karanta wannan a Islamiyya shi ne kuma zai turo "hadisi" babu ruwaya, a ƙarshensa an rubuta ka tura wa mutum goma za ka ji labari mai daɗi. Ina roƙo duk horon da za a shirya a sa da malaman Islamiyya da na allo. Yaran da ke hannunmu da yamma su ne ke hannunku da safe.

MaiBinDiddigi:
Na yi aikin jarida kafin in dawo koyarwa, bari in faɗi abin da ke yiwuwa da wayar da ke hannunmu, ba sai da kwamfuta ba.

In hoto ne, Google Lens zai nuna maka wuraren da hoton ya taɓa fitowa. Sau da yawa za ka tarar hoton da aka ce na jiya ne ya shekara biyar a intanet, kuma daga wata ƙasa. In bidiyo ne, tsayar da shi ka ɗauki hoton allon wayar, ka bincika hoton. Ka kuma duba lambar mota, rubutun shaguna, kakin 'yan sanda, yaren da ake yi a bayan fage. In linki ne na tallafi ko ɗaukar aiki, dubi ƙarshen adireshin: akasarin shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, kuma duk wanda ya ce sai ka tura wa zaure biyar kafin fom ya buɗe, ɗan damfara ne. Shi kansa WhatsApp yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, tun 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Wannan alamar gargaɗi ce, amma na ga masu ɗaukarta a matsayin shaidar cewa labarin ya shahara don haka gaskiya ne. Akwai kuma masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, sau da yawa sun riga sun bincika abin da ke yawo.

Abu mafi amfani da na koya shi ne daga wani bincike da Sam Wineburg da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Stanford a Amurka. Sun ba malaman tarihi na jami'a, da ɗalibai, da ƙwararrun masu tantance labarai shafukan intanet su auna. Malaman da ɗaliban sai suka zauna a cikin shafin suna karantawa, suna duba kyan tambari da tsarin rubutu, aka yaudari da yawansu. Ƙwararrun kuwa nan take suke fita daga shafin su buɗe wani wuri su tambaya: su wane ne waɗannan, me wasu ke cewa a kansu? Darasin a gare mu shi ne yawan karatu kaɗai ba ya kare mutum. Takardar bogi ma tana zuwa da tambarin gwamnati da sa hannu.

Abu_Hanif:
@MaiBinDiddigi duk abin da ka lissafa data yake ci. Mun dawo inda na fara.

MaiBinDiddigi:
Yana ci, amma binciken hoto ɗaya bai kai cin bidiyon TikTok ɗaya ba. Kuma ranar da ba ka da datar bincike, ƙin turawa kyauta ne, Malam.

Malamin_Ƙauye:
Ina ta karantawa, kuma ina ganin yawancinku a birni kuke. Ni ina koyarwa a yankin da 'yan bindiga ke addaba. Sabis sai ka hau tudun bayan makaranta. A 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta mun ɗanɗana zama babu labari kwata-kwata, ba na fatan a maimaita. A wurinmu saƙon "an ga babura sun nufo yamma" ba abin wasa ba ne. In na tsaya bincike kuma ya zama gaskiya, yara sittin ne a gabana. In na sallame su ya zama ƙarya, asarar darasin yini ɗaya ce. Ku gaya mini, wanne za ku zaɓa? Shawarar "kada ka tura sai ka tabbatar" tana da daɗin faɗa a inda ake kwana da ido biyu rufe.

HedimastaMaiRitaya:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗana. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce ka yi kuskure ba in ka sallami yara. Rai ya fi darasi.

MaiBinDiddigi:
@Malamin_Ƙauye na karɓi gyara, yanayinku daban ne. Amma ko a nan akwai abin yi. Tantancewarku ba ta Google ba ce, ta kiran waya ce: mutum ɗaya amintacce a kowane ƙauye na kusa, mai unguwa ko ɗan sintiri ko malamin can, wanda za ka kira ka ce kai ka gani da idonka? Sannan in za ka isar da gargaɗi, ka faɗe shi da bakinka: ni wane, wane ne ya kira ni daga wuri kaza da ƙarfe kaza, ga abin da ya ce, ban tabbatar ba tukuna. Wannan ya bambanta da tura muryar da ba a san mai ita ba, ko hoton gawarwakin da ba a san na ina ba ne. Domin in gargaɗin ƙarya ya yi yawa, ranar da na gaskiya ya zo ba mai motsawa.

Malamin_Ƙauye:
Kiran muna yi in akwai sabis. In babu, sai abin da Allah ya yi. Amma maganar faɗin wanda ya gaya maka da lokacin, wannan zan kai wa abokan aikina.

'YarBautarƘasa:
Ni ina ganin matsalar ta tsofaffin malamai ce, a yi haƙuri. Mu da muka taso da waya ba a cika yaudararmu ba. Ni shirin darasina ma da manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) nake yi, abin da ke cin awa biyu sai in gama a minti goma.

Hajiya_Mataimakiya:
'Yata, sannu da ƙoƙari, amma ban yarda ba. Su wa suka zuba kuɗi a harkar damfarar nan ta MMM har ta rufe a Disambar 2016? Su wa takwararta CBEX ta kwashe wa kuɗi a Afrilun 2025? Akasari matasa ne masu manyan wayoyi da takardun makaranta. Saurin yatsa daban, natsuwa daban.

Shirin darasin kuma, ni nake duba littattafan malamai duk ranar Litinin in sa hannu. Ina gane wanda na'ura ta rubuta tun daga layin farko: Turanci mai santsi, kayan koyarwa an rubuta majigi da kwamfuta ga kowane ɗalibi, alhali ajin yara tamanin ne a kan tabarma. Ban hana amfani da ita ba, tana rage wahala. Abin da nake tambayar malami shi ne, ka karanta kafin ka kwafa? In na rufe littafin nan za ka iya koyar da abin da ke ciki?

Malamin_Tarihi:
Hajiya ta gama magana. Na gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan da tambaya kan sarakunan Kano, ta jero mini sunaye da shekaru tsaf, amma ta sa wani sarki kafin mahaifinsa, ta kuma ƙara sunan da babu shi a tarihi. Da ta zo kan abin da aka yi rubutu da yawa a kai, kamar shigar Turawa Kano a 1903 ko haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai ta faɗa daidai. Wato inda tarihinmu da harshenmu suke, inda rubutu ya yi ƙaranci a intanet, nan ta fi ƙirƙira, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Malamin da bai riƙe fanninsa ba zai rubuta wannan a allo, yara su haddace.

'YarBautarƘasa:
Na ji, Hajiya. Amma a bar mu mu koya wa manya abin da muka iya, su ma su koya mana nasu. Wani lokacin in ka nuna wa babban malami abu a waya sai ya ga kamar raini ne.

Malama_Aji_Uku:
Yauwa, wannan ita ce tambayar da nake ta son yi. In shugaban makaranta ne da kansa ya turo labarin bogi a zaure, ya za ka yi? Kai ƙaramin malami, shi zai cike maka takardar ƙarin girma.

Hajiya_Mataimakiya:
Kada ki gyara masa a bainar jama'a. Bi shi ta gefe, ko ki same shi a ofis: ranka ya daɗe, na ga saƙon nan, sai na ci karo da wannan bayanin, ko za ka duba? Ki bar shi ya janye da kansa. Yawancin manya in ba a kunyata su ba suna karɓa.

Bala_Direba:
Ni dai a hana yara da malamai shiga makaranta da waya kawai, a huta. Mu da muka yi karatu ba waya mun mutu ne?

Baban_Khalifa:
Hana yara na yarda, amma ga wani abin da ba a taɓo ba. Malamai masu ɗaukar bidiyon ɗalibai suna sawa a TikTok. Yaro ya kasa karanta kalma, ko yarinya tana kuka an yi mata faɗa, malami ya ɗauka ya watsa ana dariya ana tara mabiya. Wannan yaron zai girma bidiyon na nan. Haka masu ɗaukar hoton takardar sakamakon aji gaba ɗaya, da suna da maki, su zuba a zauren iyaye, kowa ya ga ɗan wane ne ya zo na ƙarshe. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ta tanadi neman iznin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ko babu doka ma, amana ce. Wannan ma yana cikin sanin waya da ake magana.

Ustaz_Na_Islamiyya:
Gaskiya ne Baban_Khalifa. Har a wajen musabaƙa da saukar karatu ya kamata a tambayi iyaye, musamman hotunan 'yan mata.

Lakcara_A_Kwaleji:
Tunda Malamin_Tarihi ya ambaci kwalejojin ilimi, bari in amsa namu. Ɗalibin NCE yana yin darasin kwamfuta, amma akasarinsa bayani ne a takarda: ma'anar kwamfuta, tarihinta, sassanta. Ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, ya haddace ya ci jarrabawa ya fita. Tantance labari, kare sirrin ɗalibi, gane talla daga labari, ba su da gurbin kansu, sai in malamin ya ga dama ya saƙa su.

Kuma ba wai babu kayan aiki ba. UNESCO ta fitar da manhajar koyar da malamai wannan fanni tun 2011, ta sabunta ta a 2021, kuma a Abuja aka yi babban taron makon wayar da kai kan kafafen watsa labarai na duniya a Oktoban 2022. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta sa burin kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su samu ilimin fasahar zamani zuwa 2027. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, da darussa kyauta har da na Hausa. Tambayi malamai goma a firamaren karkara ko sun taɓa buɗe shi. Abin yana tsayawa ne a otal ɗin da aka yi taro. In an zo bita kuma, sau da yawa fuskoki ɗaya ake turawa, a karɓi alawus, a dawo ba a koya wa kowa ba. Ni da za a ji tawa, da a sa shi cikin aikin koyarwa na gwaji: kafin ɗalibi ya samu maki, ya kawo saƙo ɗaya da ke yawo, ya nuna yadda ya bi diddiginsa, ya kuma koyar da hakan a aji.

Malamin_Tarihi:
@Lakcara_A_Kwaleji wannan shawarar ta yi mini. Ina yin makamancinta da 'yan aji biyar na sakandare. Nakan kawo musu labarin nan na 2018 da aka ce Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da ya fito a Poland ya ce shi ne da kansa. Sai in tambaye su: wa ya fara faɗa, me zai samu, wace hujja aka kawo? Nan za ka ga aji ya kaure da gardama, har wanda ba ya magana sai ya ɗaga hannu. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu da ake haɗa bidiyon mutum da muryarsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, dole yaro ya san ganin ma ana tambayarsa daga ina.

Abu_Hanif:
Duk na ji, kuma na ƙaru, musamman da maganar Ummu_Safiyya. Amma ina nan kan bakata. Ku ƙara wa malami aikin edita, da na mai gadin sirrin yara, da na mai binciken na'ura, a kan albashin da ba ya kai shi ashirin ga wata, sannan ku ce ya sayi data da kuɗinsa. Wanda zai iya ya yi don Allah, amma kada gwamnati ta ji muna cewa mu za mu gyara da kanmu ta ƙara naɗe hannu.

Malama_Aji_Uku:
@MaiBinDiddigi don Allah in ka samu lokaci ka yi mana bayanin Google Lens ɗin nan da murya, mataki-mataki, in sauke in nuna wa malamanmu ranar Alhamis bayan an tashi. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini yadda zan fara wannan da 'yan aji uku na firamare, waɗanda ba su da waya amma kullum suna zuwa da "an ce a wayar babanmu".